Yadda na raka tsofaffin bakunan diril wajen washi, har na ƙare a garin su Gühring

Ina aikin koyon sana'a a wani ƙaramin shagon yankan ƙarfe a kudancin Jamus, jihar Baden-Württemberg, irin shagunan nan da suke yi wa manyan kamfanoni ƙananan kayan inji, kuma cikin ayyukan da ake loda wa ɗan koyo akwai wanda kowa ke gudu, wato tattara bakunan diril da suka dakushe a tantance su a kai wajen washi. Ni kam da Maista, wato ubangidana a shagon, ya ɗora min shi ban ji komai ba, sabida a gida na taso ina ganin Kawuna a Panteka ta Kaduna yana wasa bakin diril da hannu a jikin giranda, ya ɗan taɓa dutse ya juya ya tsoma a gwangwanin ruwa ya ɗaga sama ya kanne ido ɗaya, minti biyu an gama. Toh nan abin ba haka yake ba, kuma ba wai don sun fi Kawu iya hannu ba ne, ƙarfen ne ma daban.

Matakin farko rarrabewa. Bakuna iri biyu ne a shagon, akwai na HSS, wato ƙarfen yanka mai jure gudu, wanda shi ne irin wanda muka sani a gida, akwai kuma na kabayid. Ba kabayid ɗin masu walda ko masu nunar da mangwaro ba fa, wannan garin ƙarfen tangistin ne mai haɗe da kabon, da aka cakuɗa da ƙarfen kobal aka gasa. Ko ido rufe za ka gane shi, in ka ɗauki guda biyu masu girma ɗaya na kabayid ɗin ya kusa ninka ɗayan a nauyi. Tauri gare shi na fitar hankali amma kuma ba ya jure bugu ko kaɗan, in ya faɗo daga tebur zuwa siminti sai dai haƙuri, shi ya sa Maista ba ya yarda a zuba su wuri ɗaya suna gogar juna, kowanne sai an mayar da shi cikin ɗan kwanson robar da ya zo a ciki. In ya ga an bar biyu tsirara a tire ɗaya ranar ba za a sha kofi cikin daɗin rai ba.

Bayan nan sai dubawa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Abin da ake nema shi ne inda ya cinye. In gefen kaifin ne kawai ya yi wani siririn layi mai ƙyalli, wannan lafiya lau zai wasu. In kusurwar waje ta ɓalle sai a auna a ga iya zurfin ɓallewar, don dole a yanke duk wajen a zubar kafin a fitar da sabon baki, kuma in tsawon da zai rage bai isa zurfin ramin da muke hudawa ba toh ba shi da amfani. In kuma jikin ne ya goge har kaurin ya ragu, shi kenan ya mutu, washi ba ya dawo da kauri. Dokar shagonmu ita ce duk wanda bai kai milimita 5 ba ba a wahalar da kai a kansa, kuɗin washin ya kusa na sabo. Matattun ma ba bola ake kai su ba, akwai gwangwaninsu daban, kilo kilo ake sayarwa ga masu sake sarrafawa, kuma gwangwanin nan kulle shi ake yi. Wajen kashi 80 cikin ɗari na tangistin ɗin da ake haƙowa a duniya daga Chaina yake fitowa, mafi yawan kobal kuma daga Kwango, sannan a Fabrairun 2025 Chaina ta sa takunkumi kan fitar da tangistin, tun daga nan kowane mai shago ya fara kallon gwangwanin nan da wani ido.

Wajen rubuta lissafin ne na lura kusan duk wanda na juya sai in ga suna ɗaya an zana a gindinsa da leza, Gühring, sunan kamfanin da ke ƙera su. Na tambayi Maista ko dai wani ragi suke mana, ya ce ragi kam akwai ɗan kaɗan amma shi tun yana yaro ɗan koyo da su ya buɗe ido, babansa ma haka. Ya ce masu siffa ta musamman, irin masu hawa biyu da aka yi mana su a kan oda, su kamfanin ake mayar wa don su ke da zanen asali kuma suna da nasu sashen washi da sake shafe, wato ɗan siririn rufin da ake yi wa jikin bakin don ya daɗe. Gama-garin kuwa wani dattijo muke kai wa a ƙauyen da ke gaba da mu, shi da 'yarsa da ma'aikata ƙalilan. Na roƙi a bar ni in kai da kaina in tsaya in gani, ya ɗaga kafaɗa ya ce je ka, amma ka dawo da risit.

Shagon dattijon in ka gan shi daga waje sai ka ce garejin mota ne, ciki kuwa injina ne na kwamfuta masu motsi ta fuska biyar, kowanne a rufe da gilashi, mai na ta feshi a ciki har ba ka ganin abin da ake yi sosai, ga wani ɗan ƙamshin mai da ya kama ko'ina har rigata ta kwana da shi. 'Yar ce ta karɓi akwatin, ta fara wanke su a wani kwano mai girgiza ruwa, sannan ta ɗauki ɗaya mai milimita 8.5, wanda muke huda ramin noti M10 da shi, ta ɗaure a injin. Wani ɗan siririn tsinke mai jan kai ya fito ya tattaɓa jikin bakin, ya gano tsawonsa da inda kwarin murɗin ya fara da inda ramukan ruwa suke. Eh ramukan ruwa. Cikin bakin diril ɗin akwai 'yan ramuka biyu da suka bi murɗin tun daga gindi har baki, ta nan ake turo ruwan sanyaya da ƙarfi ya fito daidai inda ake yanka ya koro ɓurɓushin ƙarfe waje. Ranar farko da na ga ruwa na tsartuwa daga bakin diril na daɗe a tsaye ina kallo wallahi.

Dutsen washin na daimon ne, don dutsen giranda na yau da kullum ba abin da zai yi wa kabayid sai dai shi ya cinye. Injin ya datse ƙarshen da ya lalace, ya fitar da kusurwar baki digiri 140, namu na HSS da Kawu ke wasawa 118 ne, sannan ya sassaƙe bayan kaifin, ya rage tsakiyar nan da ba ta yanka sai murzawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mataki na gaba, bayan an sha wahala an fitar da kaifi sai kuma a dawo a ɗan dakusar da shi da gangan, a goge tsinin da burushi na musamman da 'yan maikiron kaɗan, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Na ce mata Hajiya, don haka bakina ya saba, ta yi dariya, na ce wannan kuma na mene ne, ta ce kaifin da ya yi tsini da yawa a kabayid ramin farko zai fara ɓantarewa, kuma shafen da za a yi masa ba zai zauna da kyau ba. Ta ce rabin sirrin kowane kamfani a ɗan wannan gogewar yake, nawa za a goge kuma ta wace siffa, ba wanda zai rubuta maka a katalog.

Dattijon yana gefe yana jinmu, da ya ga ina jujjuya bakin ina karanta sunan sai ya ce ka san inda ake yin wannan? Na ce a'a. Shi ne ya ja kujera. Shi a can yankin ya yi koyon sana'a, kan tsaunukan Schwäbische Alb, ya ce ƙasa ce mai duwatsu da sanyi, noma ba ya ciyar da gida, shi ya sa mutanen wajen tun da daɗewa suka koma sana'ar hannu a cikin ɗaki. A shekarun 1760 an yi wani fasto a ƙauyen Onstmettingen, Philipp Matthäus Hahn, mai ƙera agogo da sikeli, daga shi aikin awo mai tsanani ya kama ƙasa a yankin. Sai masaƙu suka zo, sai masu yi wa masaƙu allura, Groz-Beckert tun 1852, har gobe suna nan a Ebingen. Toh a cikin wannan garin na Ebingen ne Gottlieb Gühring ya buɗe nasa a 1898, yana yin bakin diril mai murɗi. Ba shi ya ƙirƙiro shi ba, wani Ba'amurke Stephen Morse ne ya yi rajistarsa a 1863 a Massachusetts, shi dai Gottlieb ya kama abu ɗaya ne ya riƙe.

Kuma ya shigo a daidai gaɓa, domin a shekarun ne Taylor da White a kamfanin Bethlehem Steel na Amurka suka gano yadda ake gasa ƙarfen HSS ya ci gaba da yanka ko ya yi ja don zafi, suka nuna wa duniya a baje kolin Paris na 1900. Sai a 1923 Karl Schröter na kamfanin Osram, masu ƙwan lantarki, ya yi rajistar haɗin tangistin da kobal, kamfanin ƙarfe na Krupp suka sayi haƙƙin suka fito da shi kasuwa da sunan Widia. Dattijon ya ce duk lokacin da sabon ƙarfe ya fito haka sai wasu gidajen su mutu don injinansu da hannayensu na tsohon ne, wanda ya rayu shi ne wanda ya yarda ya zubar da abin da ya iya ya koyi sabo alhali yana kan sana'ar tasa. A farkon shekarun 1980 Gühring ne suka fito da bakin HSS mai shafen titaniyom, wannan mai launin zinaren. Duk bakin diril mai ruwan gwal da kuke gani a kasuwa yau, har da na bogin da fenti ne kawai aka watsa masa, kwaikwayon wancan ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai a labarinsa shi ne yadda suka ƙi dogara da kowa. Kabayid ɗin da kansu suke yi, suna da masana'antarsa a Berlin. Ya kwatanta min yadda ake yi, a cakuɗa garin tangistin da na kobal, kobal ɗin bai cika wuce kashi 6 zuwa 12 cikin ɗari ba, a matse ta cikin wani bututu ya fito sanda sanda, a lokacin laushinsa kamar alli ne da farce ma za ka karce shi, kuma a wannan matsewar ce ake barin ramukan ruwan nan a murɗe, sannan a gasa a zafin da ya kai digiri 1400 haka, ya tsuke ya ragu sosai ya fito da taurin da sai daimon. Injinan washin da suke aiki da su ma da yawa su suke ƙera abinsu, tukwanen shafe ma haka. Wato daga gari har zuwa kwanson roba, in wani abu ya ɓaci ba su da wanda za su nuna wa yatsa sai kansu. Yau suna da ma'aikata wajen 8,000 a ƙasashe da dama, har da reshe a Brookfield ta jihar Wisconsin a Amurka, kuma har yanzu ba a sayar da hannun jarinsu a kasuwa, bayan Dr. Jörg Gühring yanzu Oliver Gühring ne a kai, tsatso na huɗu kenan.

Ba su kaɗai ba ne kuma, jihar cike take da irinsu. A Aalen akwai Mapal na gidan Kress tun 1950, a Tübingen akwai Horn da Paul Horn ya kafa a 1969 yanzu jikansa ke riƙe da shi. Amma kar a ɗauka kowa ne ya tsira, a cikin Tübingen ɗin nan dai akwai Walter, da aka kafa tun 1919, su yanzu ƙarƙashin Sandvik na Suwidin suke. Iscar na Isra'ila da Stef Wertheimer ya fara a 1952, a 2006 iyalin suka sayar wa kamfanin Warren Buffett kashi 80 kan dala biliyan 4, a 2013 suka miƙa sauran. Dattijon ya nuna 'yarsa da haɓa ya ce shi dai ya yi sa'a, maƙwabcinsa mai irin shagon nan 'ya'yansa duk sun tafi Stuttgart aikin ofis, injinan gwanjo aka yi.

A nan ne tunanina ya tafi gida gaskiya. Mu ma fa muna da sana'ar gado, gidajen maƙera nawa ne a Kano da Katsina da Damagaram da suka girmi 1898 nesa ba kusa ba. Amma sau nawa muka ga mai gareji ko mai injin yankan ƙarfe ya rasu, kafin arba'in an kira dillali an yi wa injina kuɗi an raba, yaran shago kowa ya kama gabansa, sunan ma ya ɓace. Kuma ni a fahimtata rabon gado bai ce lallai sai an sayar ba, ana iya ƙiyasta shagon kowa ya san kasonsa a rubuce, a bar wanda ya iya aikin ya riƙe ana raba riba, matsalar rashin rubutu ce da rashin yarda da juna. Su a nan har gwamnati ta sa hannu, dokar harajin gadonsu ta ce magajin da ya riƙe kamfani shekara 5 bai sayar ba kuma bai zaftare albashin ma'aikata ba ana cire masa kashi 85 na darajar kamfanin daga lissafin harajin, in shekara 7 ce ana iya yafe duka, sai dai manya manyan kamfanoni da aka ƙara wa sharuɗɗa tun 2016. Su kansu Jamusawan suna ta faɗa a kan dokar, wasu na cewa gata ce ake yi wa masu kuɗi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma dai ta sa sayarwa ba ita ce hanya mafi sauƙi ba. Na biyu kuma, abin da Kawu ya iya a idonsa da yatsunsa yake, ranar da ya ajiye aiki ya tafi da shi sai ɗan abin da yaransa suka tsinta, nan kuwa kusurwar da wani ya gano shekara 40 da suka wuce tana cikin zane da lamba, jikan da bai taɓa ganinsa ba zai buɗe ya ɗora a kai.

Shafen ba a shagon dattijon ake yi ba, tarawa suke su aika wani kamfani mai tukunyar. Ban je can ba amma 'yar ta nuna min hotuna a wayarta, ana jera bakunan a tsaye a kan wasu faranti masu juyawa, a zuƙe iskar tukunyar gaba ɗaya, a kai zafi wajen digiri 450 zuwa 500, sai a tayar da ƙarfen titaniyom da alminiyom ya zama tururi ya haɗu da iskar naitirojin ya kwanta a jikinsu. Kaurin shafen gaba ɗaya maikiron 2 zuwa 4 ne. Namu ba mai ruwan gwal ba ne, wani baƙi baƙi ne mai ɗan shuɗi, ya fi jure zafi.

Kafin su dawo, wata Asabar na hau jirgin ƙasa daga Tübingen na nufi Albstadt don kawai in ga wajen da idona. Hanyar na bi ta Hechingen, kana hango gidan sarautar Hohenzollern a kan tsauni ta taga, sai Balingen inda masu sikelin Bizerba suke, sai jirgin ya fara hawa cikin kwari. Albstadt ɗin ma ashe sabon suna ne, a 1975 aka haɗe Ebingen da Tailfingen da wasu garuruwan aka raɗa musu shi. Ban shiga masana'antar ba, ranar hutu ce kuma ba wanda ya gayyace ni, na dai zaga na ga gine-ginen da sunan a jiki, na sayi burodi na zauna a benci. Gari ne da bai kai mutum dubu 50 ba, shiru, tsofaffi na tura keken cefane, ƙarfe shida na yamma kamar an yi shara. Sanyi ya kore ni na koma tasha da wuri.

Da akwatin ya dawo kowane baki na cikin kwansonsa, an tsoma kan a wani kakin roba mai laushi, an zana ɗan layi a gindi alamar washi na farko. A shagonmu in layin ya kai uku ba a ƙara kaiwa. A risit ɗin da na miƙa wa Maista kuɗin washi da shafe bai kai rabin na sabo ba. Sai gwaji, don Maista ba ya yarda da takarda. Na ɗaure mai 8.5 ɗin a mariƙinsa, na auna sabon tsawon a na'urar awo tunda ya ragu, na shigar da lambar a injin, in ka manta wannan ramukanka duk za su fito gajeru. Ƙarfen da za mu huda mai tauri ne, irin wanda ake kira 42CrMo4, muka ba bakin juyi wajen 3,700 a minti, wanda da HSS ne ko 1,000 ba za ka kai ba sai ya ƙone. Maista ya hana ni kallon allo ya ce saurara, ƙarar ta fito sumul ba kuka ba karkarwa, ya buɗe ƙofa ya debo ɓurɓushin a tafin hannu, gajeru ne a nannaɗe duk girma ɗaya, ya zura ma'aunin rami mai kai biyu, gefen da ya kamata ya shiga ya shige, gefen da bai kamata ya shiga ba ya ƙi. Bai ce komai ba ya tafi, wanda a wajensa yabo ne babba.

Da daddare na kira Kawu na ba shi labari, ya saurara har ƙarshe sannan ya ce toh ɗana, waɗancan matattun da kuke kullewa a gwangwani ba za ka roƙo min ko goma ba, ai ni zan tashe su. Na ce Kawu Allah ya ƙara girma, dutsenka ba zai ci su ba sai ka samu koren dutse ko na daimon, kuma ko ka wasa, diril ɗin hannu ko injin da ke ɗan rawa ramin farko zai karya shi, kabayid sai injin da ba ya motsi ko kaɗan. Ya ce kai dai ka zama Bature. Muka daidaita a kan zan sayo masa saitin HSS mai kobal daga milimita 1 zuwa 13, wanda zai iya wasawa a girandarsa, in bai wa wani ɗan Kaduna da zai taho gida hutun ƙarshen shekara ya kai masa.